Tsakanin Taushi da Ragwanta: Abin da Na Tarar a Cikin Kalmar "Soft"



A shekarata ta farko a birnin Sheffield na ƙasar Ingila, wata safiya cikin watan Oktoba, na fito zan tafi wurin aiki sanye da rigunan sanyi biyu, da hular ulu, da safar hannu, na kuma naɗe wuyana da mayafi. Maƙwabciyata, wata dattijuwar Baturiya da ta haura shekara 70, tana share ƙofar gidanta da 'yar riga mai gajeren hannu. Ta dube ni sama da ƙasa, ta yi dariya, ta ce ashe ni "nesh" ne. Na yi murmushi irin na baƙon da bai san ko yabonsa aka yi ko zaginsa ba, na wuce. Sai da na isa wurin aiki aka fassara mini: a bakin mutanen wannan yanki, "nesh" shi ne mai rakin sanyi, wanda iska kaɗan ke sa shi makyarkyata.

Wannan kalma ba ta dame ni ba, don gaskiya matar ta faɗa. Wadda ta hana ni barci 'yar uwarta ce, kuma bayan shekaru da yawa na ji ta, daga bakin ɗana na fari. Yana ɗan shekara 11 wasu yara suka shafe kusan wata biyu suna tsangwamarsa a makaranta, suna yi masa ba'a da sunansa da launin fatarsa. Ban sani ba. Mahaifiyarsa ce ta lura ya rage cin abinci, kuma kullum da safe sai ya ce cikinsa na ciwo. Da maganar ta fito na zaunar da shi, na tambaye shi abin da ya hana shi gaya mini tun farko. Ya sunkuyar da kai, ya ce da Hausarsa mai gauraye da Turanci: "Baba, na san za ka ce na cika soft."

Ban taɓa jifansa da wannan kalma ba. Amma na sha faɗa masa da Hausa cewa namiji ba ya kuka, ya tashi ya karkaɗe jikinsa, mu a shekarunsa mun ga abin da ya fi haka. Shi kuwa ya tattara maganganun nan duka ya fassara su da kalma ɗaya, ya kuma yanke hukuncin cewa gara ya haɗiye baƙin cikinsa da a kira shi da ita. Tun daga ranar na shiga bin diddigin kalmar, ina neman sanin inda ta fito da yadda ta sami wannan kaifi.

Turancin da muke ji a yau ya samo tushe daga harsunan ƙabilun Angles da Saxons da Jutes, waɗanda suka ƙetaro teku daga yankunan da yanzu suke arewacin Jamus da Denmak, suka zauna a tsibirin Birtaniya tun daga ƙarni na 5. A tsohon Turancin da zuriyarsu ta bari a rubuce, kalmar tana zuwa da siffar "sefte" ko "softe". Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne, a wancan zamani galibin amfaninta bai shafi abin da yatsa ke lotsawa ba. Ana faɗinta ga mutum mai sanyin hali, da kwanciya mai daɗi, da rayuwa mai sauƙi wadda babu tashin hankali a cikinta. Ma'anar abin da ke lotsewa idan an danna shi ta kankama ne daga baya, wajen ƙarni na 13. Ma'anar wauta da ƙarancin wayo kuwa sai wajen ƙarni na 17 ta bayyana, kuma har gobe a arewacin Ingila idan aka ce wa mutum kada ya zama "soft", ana nufin ya daina shirme.

Kalmar tana da dangi a ƙetaren teku. Jamusawa suna cewa "sanft", mutanen Holan suna cewa "zacht". Harafin hancin da ke tsakiyar ta Jamusanci ya zube a bakin mutanen Ingila, kamar yadda ya zube a wasu kalmomin: biyar a Jamusanci "fünf" ce, a Turanci "five", dinya a can "Gans" ce, a nan "goose". Masana asalin kalmomi suna mayar da wannan dangi zuwa wani tsohon tushe mai ma'anar ɗaya, ko tare, ko daidai, wanda shi ne kuma ya haifi kalmar "same". Ke nan a can ƙasan kalmar akwai ma'anar dacewa: abin da ya zauna daidai da kai, bai soke ka ba, bai tokare ka ba.

To, wace kalma mutanen da ke amfani da ita ga abu mai laushi a hannu? Ita ce "hnesce", kakar "nesh" ɗin da maƙwabciyata ta kira ni da ita. Ita ce kishiyar tauri a tsohon Turanci. Tsufarta ya kai har ana samun 'yar uwarta, "hnasqus", a harshen ƙabilar Goth, cikin fassarar Linjila da wani malamin Kirista mai suna Wulfila ya yi a ƙarni na 4, inda aka siffanta da ita lallausan tufafin da ake sawa a gidajen sarakuna. Da "soft" ta mamaye gurbinta, sai "nesh" ta ja da baya, ta fake a karin harshen tsakiya da arewacin Ingila, ma'anarta ta ƙuntata ta koma rakin sanyi. Marubuciya Elizabeth Gaskell ta sa ta a bakin talakawan Manchester a littafinta Mary Barton na shekarar 1848, kuma a wannan ma'ana take raye har yau.

Akwai wasu biyu da ya kamata a ambata. Bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a shekarar 1066, kalmomin Faransanci suka kwararo cikin Turanci, daga cikinsu har da "tender", wadda asalinta Latin ne, "tener", wato ɗanye, ƙarami, wanda bai ƙosa ba. A yau da ita ake siffanta naman da ya dahu ya yi taushi, da ita ake siffanta gurbin ciwon da ba ya son taɓi, da ita kuma ake siffanta ƙaunar uwa ga jaririnta. Ta biyun ita ce "weak", wato rarrauna. Tushenta yana nufin abin da ke lanƙwasuwa, kuma 'yar uwarta ta Jamusanci, "weich", har yau ma'anarta mai laushi ce kawai, babu zargi a cikinta.

Asalin kalma ba hujja ba ne a kan gaskiyar al'amari, kuma tsohuwar ma'ana ba ta fi sabuwa daraja don tsufanta kawai. Amma tarihin nan ya nuna mini wani abu guda. Kalmomi huɗu, kowacce ta fara da siffanta abu mai kyau ko abin da babu laifi a cikinsa, uku daga ciki sun gangara zuwa gori. Mutane sun daɗe suna kallon abin da ke lanƙwasuwa suna zaton ya kusa karyewa, suna kallon mai sauƙin hali suna zaton ba shi da ƙashin baya.

Mu ma Hausawa zuciyarmu biyu ce a kan wannan batu. Harafi ɗaya ne ya raba taushi da laushi da kaushi. Muna yabon tattausan lafazi, muna ƙin kakkausar murya. Muna zargin taurin kai da ƙeƙasasshiyar zuciya. A kunnen Bahaushe taushi da tausayi da tausa 'yan ɗaki ɗaya ne, shi ya sa idan rai ya ɓaci muke cewa a tausa zuciya. Amma kuma idan muka ce wane ya yi laushi, muna nufin ya sallama, an ci galabarsa. Kuma mu ne muka ce inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima, muna gargaɗin cewa mai sauƙin kai shi ake ɗora wa kaya. Saboda haka tambayar da ɗana ya jefa ni a ciki ba ta Turawa kaɗai ba ce. Shin taushi nagarta ne da za mu shuka a zukatan 'ya'yanmu, ko cuta ce da za mu yi musu rigakafinta?

Ina ganin ruɗanin ya taso ne daga kiran abubuwa uku mabambanta da suna ɗaya. Ka ɗauki mangwaron da ya wuce nuna. Idan ka danna shi yatsarka za ta nutse, ramin kuma ya zauna, domin cikinsa ya riga ya lalace. Wannan laushin ruɓa ne, kuma a cikin halayen mutane shi muke kira sangarta da lalaci da ragwanta. Ka ɗauki ɗanyen yumɓu. Bai ruɓe ba, amma ba shi da siffar kansa, hannun da ya taɓa shi na ƙarshe shi ne ubangidansa. Ga ƙaramin yaro wannan ba aibi ba ne, halittarsa ce, shi ya sa aka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga baligi kuwa aibi ne babba, don shi ne ɗan amshin Shata, wanda yake Musulmi a masallaci, yake wani abu dabam a wurin aiki. Sannan ka ɗauki ɗanyen karan dawa a gona da damina. Iska ta kwantar da shi, ta wuce, ya miƙe. Ya ba da hanya amma bai bar tushensa ba, bai kuma rasa siffarsa ba.

Wannan na ukun shi ne misalin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya buga wa mumini a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito: ya kamanta shi da ɗanyar shuka wadda iska ke karkatarwa nan da can, ya kamanta munafuki da ƙaƙƙarfar bishiyar da ba ta motsi har ranar da za a tumɓuke ta gaba ɗaya. Duk wanda ya yi tunani a kan wannan misali zai ga ya juya ma'aunin da muka saba da shi. Mu da mun zaɓa, da bishiyar muka ba wa mumini.

Birnin da nake zaune ya yi suna a duniya da ƙera wuƙaƙe da sarrafa ƙarfe, a nan ne ma Harry Brearley ya samar da ƙarfen da ba ya tsatsa a shekarar 1913. Maƙeran nan sun san abin da maƙeran gida suka sani. Idan aka gasa ƙarfe ya yi ja aka tsoma shi a ruwa ko a mai, yakan yi tauri matuƙa, amma ya zama mai saurin karyewa kamar gilashi. Sai an sake ɗumama shi a wuta mai sauƙi, an rage masa taurin nan da gangan, sannan ya zama wuƙar da za ta jure aiki. Majema ma haka suke yi. Kilago busasshe yana da tauri, amma idan ka lanƙwasa shi ya tsage, idan ya jiƙe ya yi wari. Fatar da ta sha bagaruwa ta jemu ita ce mai taushi, kuma ita ce ke shekara da shekaru ana amfani da ita.

Alƙur'ani mai girma, a Suratu Saba'i, ya ambaci cewa daga cikin falalar da Allah ya yi wa Annabi Dawuda, alaihis salam, akwai tausasa masa ƙarfe, da umartarsa ya ƙera sulke ya daidaita ƙirar zobbansa. Sulke yana kare mayaƙi ne domin yana bin jikinsa, yana lanƙwasuwa inda ya lanƙwasa. Kakanninmu ma da suka so kare doki da mahayinsa daga kibiya, lifidi suka ɗinka, wato tufa da aka cusa wa auduga, irin wanda har yau ake gani a hawan salla a Kano da Katsina da Zazzau. Auduga tana shanye ƙarfin kibiya domin tana ba ta wuri kaɗan kafin ta tsayar da ita.

Duk da haka ba zan yi wa masu tsoron taushi rashin adalci ba, domin a cikinsu akwai wanda nake jin nauyinsa. Baffana, yayan mahaifina, ya zo wurinmu ya yi wata uku. Bayan ya kwana biyu yana kallon yadda gidan ke tafiya, wata rana bayan sallar isha ya kira ni ya ce: "Kai, yaran nan naku kamar burodin da aka tsoma a shayi suke. Ba su san yunwa ba, ba su san rana ba, ba su san a ce musu a'a ba. Ranar da duniya ta juya musu baya, kuma ba ka nan, me za su kama?" Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Baffa, zamani ne." Ya ce zamani ba ya renon ɗan kowa.

Maganarsa tana da magoya baya a cikin manyan malamai. Ibn Khaldun, a Muƙaddimar da ya rubuta a shekarar 1377, ya yi bayanin cewa daula takan rayu kimanin zuriya uku, wajen shekara 120. Zuriyar farko ta san wuya, ita ta kafa mulki. Ta biyu ta ga wuyar a jikin iyayenta amma ta tashi cikin daɗi. Ta uku ba ta san komai ba sai jin daɗi, har ta kasa kare abin da ta gada. Wane baƙo ne a cikinmu zai karanta wannan bai tuna da kansa da 'ya'yansa da jikokin da ke tafe ba? Haka kuma Muslim ya ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya aika wa rundunar Musulmi da ke Azarbaijan takarda yana gargaɗinsu game da holewa cikin ni'ima da sa alhariri. Tsoron Baffa tsoro ne na gaskiya, kuma laushin ruɓa da na ambata yana nan a gidajenmu: yaron da ba ya iya wanke kwanon da ya ci abinci, wanda ke fushi idan intanet ya yanke na minti biyar.

Sai dai a cikin wannan littafi na Ibn Khaldun akwai wani babi da ba a cika ambatonsa ba, inda ya ce tsanantawa ga masu koyo cutar da su take yi. Ya bayyana cewa yaron da aka rena da duka da tursasawa yakan rasa karsashi, ya koyi kasala, ya koyi ƙarya da yaudara, domin ya saba nuna abin da ba shi ne a zuciyarsa ba don tsoron hannun da ke kansa. Da na karanta wannan sai na ga ɗana. Ban taɓa dukansa ba, amma harshena ya yi aikin bulala, kuma sakamakon shi ne wanda malamin ya faɗa: yaron ya koyi ɓoyewa. Ina zaton ina ƙera namiji, ashe ina koya masa ya rufe mini ƙofa. Malami ɗaya ya yi gargaɗi a kan jin daɗi, ya kuma yi gargaɗi a kan tsanani, kuma bai saɓa wa kansa ba, domin abubuwa biyu ne dabam. Ɗaya yana magana a kan shimfiɗar da yaro ke kwana a kai, ɗayan a kan hannun da ke riƙe da shi.

A rayuwar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, na ga an raba biyun nan a fili. Sayyidina Umar ya shiga wurinsa ya tarar da shi kwance a kan tabarma har ta yi masa shaida a gefen jikinsa, Umar ya yi kuka da ya tuna irin daular da sarakunan Farisa da Rum ke ciki. Wannan ita ce shimfiɗarsa. Anas ɗan Malik kuwa, wanda ya yi masa hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ba da labarin cewa bai taɓa taɓa alhariri da ya kai tafin hannunsa taushi ba, kuma a tsawon shekarun nan bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Nana A'isha ta shaida cewa bai taɓa dukan mace ko mai yi masa hidima da hannunsa ba. Ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya ce shi yana da 'ya'ya 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai ya sanar da shi cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya zubar da hawaye a gaban sahabbansa ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Wannan shi ne mutumin da ya tsaya a Uhudu da Hunaini lokacin da mazaje suka watse.

Ya zaɓa wa kansa tabarma mai kaushi, ya miƙa wa mutane hannu mai taushi. Da na auna gidana da wannan ma'auni sai na ga na juya shi. Na sayo wa 'ya'yana katifa mafi laushi, da kowane abin wasa da suka nuna, na ɗauke musu kowane aiki, sannan na tanadi kaushin a fuskata da harshena. Na ba su laushin da ke ruɓar da mutum, na hana su taushin da ke raya shi.

A aya ta 159 ta Suratu Ali Imrana, Allah ya sanar da Annabinsa cewa da rahamarsa ce ya zamo mai taushi ga sahabbansa, kuma da ya kasance mai kaushin hali da ƙeƙasasshiyar zuciya da sun watse sun bar shi. Ayar ta sauka ne a kan abin da ya faru a Uhudu, bayan wasu sun saɓa umarni an sha wuya saboda su. Idan sahabbai za su iya watsewa daga Annabi saboda kaushi, ina ga yaron da aka haifa a Landan ko Jidda ko Kumasi, wanda ƙofofi dubu ke buɗe suna kiransa? A gida, idan uba ya tsananta, akwai kaka da goggo da kawu da za su rarrashi yaro su mayar da shi. A nan sau da yawa babu kowa. Idan ya fita daga hannunka, hannun da zai faɗa ba naka ba ne, kuma ba lalle ne ya san alƙibla ba.

Na san za a kawo mini hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na umartar yara da salla suna da shekara 7 da dukansu a kanta suna da 10, za a kuma tuna mini da karin maganar da ke cewa ka ƙi naka duniya ta so shi. Amma a lissafa abin da ke tsakanin bakwai da goma: shekara uku, salloli fiye da 5,000, kowacce da tunatarwa da haƙuri da yin alwala tare. Wanene a cikinmu ya cika wannan kafin ya ɗaga hannu? Malamai kuma sun ƙayyade cewa ba dukan da ke raunatawa ake nufi ba, kuma ba a taɓa fuska. Ga shi kuma ƙasashen da da yawanmu ke zaune sun hana dukan yara da doka: Suwidin tun 1979, Sukotland a 2020, Wales a 2022. Wasu iyaye suna ganin an ƙwace musu tarbiyya ke nan. Ni ina ganin idan bulala ce kaɗai abin da muka taho da shi daga gida, to, mun baro mafi yawan kayan a can.

Kada kuma a ɗauka taushi yana nufin sallama gaskiya. Malamai sun bambanta mudara da mudahana. Mudara ita ce ka sassauta a kan abin duniyarka don gyaran addini ko zaman lafiya, mudahana kuwa ka sarayar da addininka don neman duniya. Kalmar ta biyu daga sunan man shafawa ta fito a Larabci, wato a shafe gaskiya da mai har ta yi santsi ta kuɓuce, kuma Suratul Ƙalam ta yi gargaɗi a kanta. Annabi Musa da Haruna, alaihimas salam, an umarce su a Suratu Ɗaha su yi wa Fir'auna tattausar magana, amma saƙon da suka kai masa bai ragu da ko harafi ɗaya ba. Manzon da ya hana a tsawata wa baƙauyen da ya yi fitsari a masallaci, shi ne ya ƙi karɓar ceto a kan matar Banu Makhzum da ta yi sata duk da darajar danginta. Lafazin ne ke tausasa, hukuncin yana nan inda yake. Uba yana iya cewa a'a sau goma a rana fuskarsa a sake.

Akwai wani gefe na maganar da ya shafe mu mu manya. Zaman baƙunta yana sa kanta. Aikin dare, da jiran takardu, da kallon raini a cikin jirgin ƙasa, da buƙatun 'yan uwa daga gida waɗanda ba sa ƙarewa, duk suna taurara mutum, kuma taurin yana da amfaninsa, kamar yadda kanta ke kare tafin manomi daga ƙotar fartanya. Illar kanta ita ce wurin da ta fito ba ya jin taɓi. Mutum ya dawo gida da fatar da ya sa don ya jure waje, ya manta bai tuɓe ta a bakin ƙofa ba, matarsa ta yi magana bai ji ba, ɗansa ya yi shiru bai lura ba. Suratul Hadid ta ja kunnen muminai kada su zama kamar waɗanda zamani ya yi musu tsawo har zukatansu suka ƙeƙashe. Ba sai an yi wani babban saɓo ba, tsawon lokaci kaɗai ya isa, idan ba a jiƙa zuciya da ambaton Allah da kusantar masu rauni.

Abin da na canza a gidana kaɗan ne, kuma ban ce na gama ba. Na ƙara wa yaran wuya ta inda Baffa ya nuna: suna tashi sallar asuba ko da sanyi ya kai inda ya kai, kowa yana da aikinsa a kicin da bayan gida, kuɗin kashewa ƙayyadadde ne, kuma ina tafiya da babban duba marasa lafiya da gaisuwar mutuwa. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne duk wuyar da na ɗora musu ina cikinta tare da su. Ta ɗaya gefen kuma na daina ba su labarin wahalar da na sha a matsayin gori. Na je makarantar na yi abin da ya kamata in yi tun wata biyu da suka wuce. Sannan na yi abin da ya fi komai yi mini nauyi, na zauna a bakin gadon ɗana na ce masa na yi kuskure, ya yafe mini. Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Daga baya ya fara kawo mini ƙananan labarai, na ƙwallo da na abokai, kuma na gane cewa uban da ba a kawo wa ƙananan labarai ba za a kawo masa manya ba.

Ana saura mako guda Baffa ya koma gida, wata Asabar aka tashi da ruwa da iska. Yana zaune ya manne da na'urar ɗumama ɗaki, da babbar riga a kan rigar sanyi, da bargo a kan gwiwa, sai ga yaron ya sauko da gajeren wando zai tafi wasan ƙwallo. Baffa ya bi shi da kallo ta taga har ya ɓace cikin ruwan. Ya jima bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe kowa da inda fatarsa ta jemu." Na gaya masa sunan da mutanen garin nan ke kiran irinmu ni da shi, na kuma ba shi labarin dattijuwar da tsintsiyarta. Ya yi dariya har da tari, ya ce to a kawo yaron Kano a watan Afrilu, a ga wanda zai yi raki.

Allah ya tausasa zukatanmu ga ambatonsa da ga iyalanmu, ya ƙarfafa su a kan gaskiya, ya shirya mana zuriya a duk ƙasar da muka sami kanmu. Amin.